Harsashin Zabo Ba Ya Kayar da Gwanki

Da zarar an kwashe gero da dawa a ƙasar Ɗambatta, sai maharba su fara goge bindigogi. Sai dai dajin da kakanninsu suka sani ya daɗe da zama gona. Wannan ƙauye yana jin kiran sallar wancan, abin da ya rage tsakanin gonaki da bakin madatsar Thomas kuwa bai wuce zomo, kurege, gafiya, fakara da zabon daji ba. Gwanki da ɓauna sai a irin su Yankari, inda doka ta hana harbi.

Bindigar toka, wadda ake yi wa laƙabi da harbi-ruga, ta baki ake ɗura ta, saboda haka mai ita ne ke yanke shawarar abin da zai bi bayan albarushi. Tsuntsu da zomo suna son ƙananan ƙwayoyin dalma masu watsuwa. Amma a watsa wa babbar dabba irin waɗannan, iyakarsu fata da tsoka; sai ta sheƙa da rauni, ta je ta mutu a inda ungulu kaɗai za su same ta. Ko da an gano gawar, an makara: Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ta sharɗanta cewa, in za a ci naman, kada abin da aka harba ya kwana bai zo hannu ba.

Masu farauta da rayiful a Amurka da Turai suna fama da wannan lissafi, sai dai su a kan ma'auni suke yinsa. Awonsu shi ne "giren", wanda 15 da ɗoriya ke ba da giram ɗaya. Mai neman barewar can yakan ɗauki harsashi mai giren 150, kusan giram 10. Mai fuskantar ɓauna a gabashin Afirka yakan nemi samfurin .375, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, da harsashi mai giren 300. Mara nauyi ya fi gudu da miƙewa. Mai nauyi ya fi kutsawa, yana kuma naushin kafaɗar mai shi.

Nauyi kaɗai ba ya gama magana. A 1946, wani Ba'amurke mai suna John Nosler ya harbi wata ƙatuwar dabbar dajin Kanada, dangin barewa, wadda taɓo ya bushe a kafaɗarta. Harsashin ya tarwatse tun bai kai inda ake so ba. Haushin wannan ya sa ya ƙera harsashi mai ɗaki biyu da katanga a tsakani: na gaba ya buɗe ya faɗaɗa rauni, na baya ya riƙe nauyinsa ya ci gaba da shiga. A 1948 ya fara sayar da shi da sunan Partition, har yau kuma yana kasuwa.

A Ɗambatta, irin wannan ƙarfi haɗari ne. Harsashin rayiful da ya kuskure kan yi tafiyar fiye da kilomita 3, kuma a nan tazarar nan cike take da gidaje, makiyaya da yara masu kiwo. Dokar makamai ta 1959 ma ta ba da ikon wajabta lasisi har ga mai bindigar toka.

Sai batun dalma, wanda ba a cika tattauna shi a majalisar Sarkin Baka ba. Takan farfashe ta bar ɓurɓushi cikin nama, dafuwa kuma ba ta kashe gubarta. Jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya a 2019. Arewa ta san sharrin wannan ƙarfe tun 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinariya mai ɗauke da dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. Uwargidan da aka kawo wa zabo daga daji, gara ta tsince ƙwayoyin, ta yanke naman da ke kewaye da raunin ta zubar kafin ta ɗora tukunya.