Idan rai na cikin haɗari: maganar likita ko ta malami ake bi a shari'ar Yahudawa?

A watan Maris na 2020, lokacin da korona ke bazuwa a Isra'ila, Rabbi Chaim Kanievsky, mai shekaru 92, wanda Yahudawa masu ra'ayin riƙau ke yi wa kallon babban malami, ya ce kada a rufe makarantun addini duk da umarnin gwamnati. Kafin watan ya ƙare, cutar ta yi wa garinsu Bnei Brak katutu, sai ya ba da sabuwar fatawa cewa kowa ya yi addu'a shi kaɗai a gida. A farkon Afrilu gwamnati ta killace garin. Wannan lamari ya sake tayar da tsohuwar tambaya: wa ke da ta cewa idan ibada ta ci karo da lafiya?

Shari'ar Yahudawa, wadda suke kira Halaka, ta fifita ceton rai a kan kusan dukan dokoki, har da hutun ranar Asabar. Amma malami bai san inda haɗarin yake ba sai masani ya faɗa masa. Saboda haka aka raba aikin: likita ya auna girman haɗari, malami kuma ya yanke hukunci.

Azumin Yom Kippur, wanda ke ɗaukar kimanin awa 25 ba ci ba sha, shi ne misalin da littafin Talmud ya fi fayyacewa. Idan likita ya ce majinyaci ya ci, majinyacin ya ce zai iya jurewa, maganar likita ake bi. Idan kuwa majinyacin ya ce sai ya ci, likita ya ce babu buƙata, ta majinyacin ake ɗauka. Ko ta ina aka bi, ɓangaren da zai tsare rai ne ke rinjaye.

A annobar kwalara ta 1831, Rabbi Akiva Eiger na birnin Posen ya bi shawarar likitoci, ya ce a riƙa addu'a rukuni-rukuni, kowanne bai wuce mutum 15 ba.

Inda aka fi samun saɓani shi ne haɗarin da jama'a suka riga suka saba da shi. Rabbi Moshe Feinstein na New York ya ba da shawarar a guji taba sigari, amma ya ƙi haramta ta, bisa hujjar cewa mutane da yawa na sha kuma Allah na kare masu ƙarancin sani. Da hujjojin likitoci suka ƙara ƙarfi, kwamitin fatawa na majalisar malaman Yahudawa ta Amurka ya haramta ta a 2006.

Shi ma Kanievsky, wanda ya rasu a 2022, ya umarci mabiyansa su yi rigakafin korona bayan an gabatar masa da bayanan likitoci.