Zazzaɓin Kwarin Rift: Abin da Ɓeraye Suka Nuna wa Makiyaya da Mahauta

A daminar 2016 dabbobi suka riƙa yin ɓari a yankunan Cintabaradan da Tasara na jihar Tawa a Nijar, daga nan mutane suka fara kwanciya. Cibiyar Pasteur ta Dakar ta tabbatar da cewa zazzaɓin kwarin Rift ne, cutar da aka fara ganowa a tumakin Kenya a 1931. Fiye da mutum 30 suka rasu. Makiyayin Mayahi bai kamata ya ɗauki wannan labarin nesa ba, domin garkunan arewa suna ratsa Gulbin Kaba, sauro kuma ba ya rasa tabki a Tasawa.

To, ina ƙwayar cutar take nufa idan ta shiga jiki? A da, don gano haka, sai an kashe ɓerayen gwaji kashi-kashi ana duba kayan cikinsu. A 2011 masu bincike na cibiyar Pasteur ta Paris suka wallafa wata dabara. Sun dasa wa ƙwayar sinadarin gado na wata halittar teku mai ba da haske, suka sa wa ɓeraye. Sai a yi wa ɓeran allurar abin da ke kunna hasken, a sa shi barci, a ajiye shi cikin akwati mai duhu ƙarƙashin kyamara. Duk inda cutar take hayayyafa, wurin zai haskaka. Ɓera ɗaya ake bi kullum, yana raye.

Hanta da saifa suna cikin gaɓoɓin da suka fara haske. Binciken ya kuma iske cutar a ƙwayayen haihuwar matan ɓerayen.

Ɓera dai ba jar akuyar Maradi ba ne. Ƙwayar da aka yi aiki da ita an rage mata ƙarfi, ɓerayen ma an raunana garkuwar jikinsu. Duk da haka hoton ya zo daidai da abin da likitocin dabbobi suka daɗe suna gani: lalacewar hanta, da ɓari birjik a garke.

Sauro ne ke yaɗa cutar tsakanin dabbobi, amma mutane sun fi kamuwa ta jini da kayan cikin dabba, wajen yanka, fiɗa ko karɓar haihuwa. Don haka idan awaki suka fara ɓari a jere, kada a taɓa ɗan tayi ko mabiyiya da hannu tsirara, kada a yanka maras lafiya a kai kasuwa. A tafasa madara, a kuma sanar da ma'aikatan kiwo tun ranar farko.