Dutsen Asali da Dutsen Masana'anta: Nazari kan Zaɓin Kantar Girki da Daɓen Ɗaki

Kafin zuwan siminti, daɓe aikin gayya ne na mata: a zuba marmara, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa, sannan a shafe da makuba. Bahaushe bai saki kalmar ba duk da aikin ya sauya, domin har yau yakan kira shimfiɗar tayil daɓe. Abin da ya sauya shi ne yawan kayan da ke gaban mai gini, kuma kuskuren zaɓi a nan ba ya gyaruwa sai da guduma. Wannan maƙala za ta duba bambancin dutsen da ake haƙowa a goge da wanda ake harhaɗawa a masana'anta. Yana da kyau a faɗi tun farko cewa marmara a Hausa jar tsakuwa ce, don haka aka yi amfani da “mabul” ga farin dutsen ado, gudun rikita kalmomin biyu.

Duwatsun asali da suka fi shiga gidaje biyu ne, giranit da mabul, kuma halinsu ya sha bamban. Giranit narkakken dutse ne da ya huce a hankali a ƙarƙashin ƙasa, irinsa ne dutsen Kufena na Zariya da yawancin duwatsun Jos. A ma'aunin taurin ma'adinai da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, mai hawa daga 1 zuwa 10, ma'adinan da suka fi yawa a cikinsa suna kan 6 zuwa 7, alhali ƙarfen wuƙa bai cika wuce 5.5 ba. Shi ya sa wuƙa ba ta kartarsa, tukunya mai zafi kuma ba ta ƙona shi.

Mabul kuwa, ko na Karara a Italiya ko na Jakura a Jihar Kogi, asalinsa dutsen farar ƙasa ne da zafi da matsi suka sauya, taurinsa kuma 3 ne kacal. Babban rauninsa tsami. Ruwan lemun tsami, ko na tsamiya, ko na tumatir, idan ya zauna a kansa sai ya ci fuskar ya bar dusasshen tabo da sabulu ba ya fitarwa, domin dutsen ne kansa ya narke. Manja kuma yakan ratsa ƙananan ƙofofinsa ya zauna. Duk wanda ya san yadda tsamiya da manja suke a girkinmu zai ga cewa mabul a kan kantar girki ado ne mai gajeren kwana. A ƙasa ma da magana: yashin da takalmi ke kwasowa ya fi shi tauri, sai ya riƙa cinye sheƙinsa a hanyar da aka fi bi. Giranit shi ma yana da ƙofofi, amma kaɗan, kuma shafa masa man toshewa lokaci-lokaci ya wadatar.

A ɓangaren masana'anta, wanda ya fi tashe a kantar girki shi ne dutsen kwas na haɗi, wanda kamfanin Breton na Italiya ya samar da fasaharsa. Ana niƙa ma'adinin kwas ya zama kusan kashi 90 cikin 100 na haɗin, a cuɗa da gam na roba da launi, a matse. Ba ya shan ruwa ko mai, ba ya buƙatar man toshewa, launinsa kuma bai ɗaya ne. Sai dai gam ɗin ba ya jure zafi. Tukunyar da aka sauke daga wuta aka ɗora kai tsaye tana iya barin ƙuna, hasken rana kuma yakan sauya masa launi, don haka bai dace da madafar tsakar gida ba.

Nauyin da ya fi wannan yana kan mai yanka. Ƙurar da ke tashi idan ana yanka shi a bushe cike take da silika, wadda ke shiga huhu ta bar tabon da ba ya warkewa. Giranit ma yana ɗauke da silika, amma ƙasa da haka sosai, mabul kuwa ɗan kaɗan. Yawan matasan ma'aikata da suka kamu da wannan cuta ne ya sa Ostireliya ta haramta sarrafa dutsen haɗi da girka shi daga 1 ga Yuli, 2024. Da zarar an girka shi ba ya cutar da masu gida, amma magidancin da ya zaɓe shi yana da haƙƙin tambaya ko da ruwa ake yankan, ko kuwa yaron shago ne zai shaƙi ƙurar da ƙyalle a hanci.

Batun daɓe ya fi sauƙi. Tayil ɗin tangaran mai ƙarfi, wanda shan ruwansa bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba, ya isa a yawancin ɗakuna, kuma ya fi dutse araha. A ɗakin girki a guji mai sheƙi, domin ruwa da mai suna mayar da shi tarko, musamman ga tsofaffi. A lura kuma cewa fashewar tayil ta fi zuwa daga ramin da mai aiki ya bari a ƙarƙashinsa, wanda ake ganewa da amon da yake yi idan an ƙwanƙwasa. Inda ake ajiye turmi kuwa, babu tayil ko gogaggen dutse da zai daɗe yana karɓar bugun taɓarya. Wurin daka gara a bar masa siminti mai kauri.