Yadda Rediyo Ke Zaɓo Tasha Ɗaya: Gwaji A Ɗakin Lantarki

Tashoshi da yawa ne ke watsa shirye-shirye a lokaci guda, kuma duk siginarsu na faɗawa kan eriyar rediyonka. To me ya sa kake jin guda ɗaya kawai? Sirrin yana cikin abubuwa biyu: koyil, wato waya da aka nannaɗe, da kafasita mai ajiye cajin lantarki.

Idan aka haɗa su, lantarki kan riƙa kai da komo tsakaninsu kamar lilo. Kowane lilo yana da nasa saurin. In ka tura shi daidai lokacin da ya dawo sai ya yi sama, in ka saɓa sai ya rage. Haka wannan haɗin yake: siginar da ta dace da saurinsa ita ce yake ɗagawa. Ana auna yawan kaɗawa a sakan ɗaya da haz, sunan Heinrich Hertz, Bajamushen da ya tabbatar da igiyoyin rediyo a 1887.

Ga yadda ake gwajin. A samo koyil mai milihenri 10 da kafasita mai nanofarad 100, a haɗa su kafaɗa da kafaɗa. A ba su sigina daga janaretan sigina ta cikin resisto mai om 10,000, sannan a ɗora osiloskop a kansu don auna bolt. Lissafi ya nuna ƙololuwa za ta zo kusa da haz 5,000. A fara daga haz 1,000 ana ƙarawa har 10,000, ana rubuta awo a kowane mataki. Kusa da ƙololuwa a rage tazarar zuwa haz 100, in ba haka ba za a tsallake ta. Kada a bari ƙarfin siginar janareta ya canza, kuma kada a kusanci soket ɗin bango da wannan haɗi.

Idan aka zana sakamakon a takardar giraf, zai fito kamar tsauni. A ninka tsayin ƙololuwar da 0.707, a nemo wurare biyu da layin ya sauko zuwa nan. Misali, in sun faɗo a haz 4,800 da 5,300, faɗin ya zama 500. Raba 5,000 da 500, ka samu 10: wannan shi ne Q, ma'aunin kaifin zaɓe.

A zangon matsakaici na AM, tazarar tashoshin Afirka kilohaz 9 ce kacal. Tsauni mai faɗi da yawa zai shigo da muryoyi biyu a cakuɗe. Mai tsini fiye da kima kuma zai dusashe murya. 'Yan ajin kimiyya, ku gwada, ku kawo mana giraf ɗinku mu liƙa a allon nan.