Gajiya ta yi yawa, barci ya ƙi zuwa

A Yauri, cikin yankin Matamaye na jihar Damagaram, da zarar ruwan damana ya sauka manomi yakan yi sammako zuwa gonar hatsi ko ta gyaɗa, ba ya dawowa sai la'asar sakaliya. Da dare ya kwanta jiki duk ya mutu, amma ido ya ƙeƙashe, yana ta juyi bisa tabarma har ladan ya kira assalatu. Waɗansu sukan ɗora laifin bisa iska ko sammu. Likitoci kuwa sun ce gajiyar jiki daban, barci daban.

Ga yadda abin yake. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adenozin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne ke saukar da barci. Shayi da goro da kofi suna ɗauke da kafeyin, wanda ke toshe masa hanya. Bayan kamar awa 5 rabin kafeyin ɗin yana nan cikin jini. Saboda haka wanda ya sha shayi zubi uku a dandali bayan lisha, ya kuma ɓare goro, shi da barcin kirki sai dare ya raba.

Wanda ya fi wannan muni shi ne tramol, ƙwayar da samari ke haɗiya don su jure noma ba su ji ciwo ba. Tun Disamba 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi kashedi game da yawaitarta a ƙasashen Sahel. Tana dagula barci, ranar da aka rasa ta kuma dare ya fi tsawo. Gari ya waye, saurayi ya tashi a gajiye, ya ƙara wata.

Sauran dalilai sanannu ne: zafin bazara da ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, alhali jiki sai ya huce kafin ya yi barci, kukan sauro ga wanda ba ya da gidan sauro, da tunanin maigidan da rumbunsa ya ƙare tun hatsi bai nuna ba.

Baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawarar a bar shayi da goro tun azahar, a riƙa kwanciya lokaci guda. In abin ya kai dare 3 a mako har wata 3, sai a tafi gidan likita, kada a sayi maganin barci wurin masu talla a kasuwa.