Sauyin yanayi: me ya fi gaggawa a Najeriya?

Ambaliyar 2022 ta hallaka mutane sama da 600 a Najeriya, kuma a Satumban 2024 ruwa ya shanye Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau. Wannan ya nuna cewa abin da ya fi gaggawa gare mu shi ne shiri: gyara madatsu, yashe magudanai, da isar da hasashen hukumar kula da yanayi ta NiMet ga manoma kafin shuka. Wasu na cewa rage hayaƙi ne maganin asali, kuma gaskiya ne. Sai dai Afirka baki ɗaya kusan kashi 4 cikin 100 kawai take fitarwa na hayaƙin da ke ɗumama duniya, don haka babban nauyin ragewar yana wuyan ƙasashe masu manyan masana'antu. Namu kason ya haɗa da daina ƙona iskar gas a Neja Delta.