ABIN DA ZA A DUBA IDAN AKWATIN WUFA NA MOTA BA YA BA DA ƘARA

Na ga ya dace in kawo wannan bayani saboda matasanmu da yawa a nan Amurka suna haɗa akwatin wufa da hannunsu don su sa a but ɗin mota, idan sauti bai fito ba sai su ruga su sayi sabbin kaya. Ni ma saura kaɗan hakan ta faru a gidana.

Ɗana ne ya tara kuɗin aikin hutu, ya sayi sifika biyu masu inci 12 da amfilifaya, muka yanka katakon MDF mai kaurin inci 3/4 muka haɗa rufaffen akwati. Da muka kunna, sifikun suna motsi sosai amma sautin babu kauri ko kaɗan. Yaro ya ce, "Baba, amfilifayar ce ta yi ƙanƙanta, a sayo babba." Na ce masa ya dakata mu bincika tukuna.

Abu na farko shi ne yadda aka ɗaura wayoyi. Kowace sifika tana da ƙafa mai alamar + da mai alamar −. Idan aka juya wayoyin ɗaya, to lokacin da wannan ke tura iska waje, waccan tana ja ciki, sai su kashe sautin juna. Gwajin ba shi da wuya. A cire wayoyin daga amfilifaya, a samo ƙaramin batir mai volt 1.5, a taɓa + ga +, − ga −. Takardar sifika za ta yunƙuro waje. Da muka gwada, ɗaya ta fito, ɗaya ta nutse. Ashe nan babbar matsalar take, kuma ni ne na ɗaura wayar ba yaron ba.

Na biyu, yoyon iska. Rufaffen akwati yana aiki ne da iskar da ke kulle a cikinsa. A danna takardar sifika a hankali da yatsu a saki. Idan akwatin ya rufu da kyau za a ji tauri, idan kuwa yana yoyo za ta shige ba wuya, wani lokaci har a ji huci. Namu yana huci ta ramin da wayoyi suka fita, muka toshe shi da duk mahaɗar katako da silikon, muka bari ya kwana ya bushe kafin mu mayar da sifikun.

Na uku, girman akwati. Yawancin sifika masu inci 12 suna son kimanin lita 28 zuwa 42 kowace ɗaya a rufaffen akwati, amma takardar da ta zo da sifikar ita ce abin bi. A auna cikin akwatin, ba bayansa ba.

Na huɗu, om. Sifika biyu masu om 4 idan aka jera su ɗaya bayan ɗaya sun zama om 8, amfilifaya kuma za ta ba da kusan rabin ƙarfin da take bayarwa a om 4. Idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sun zama om 2, amma kada a yi haka sai an tabbata amfilifayar za ta iya ɗauka, don kada ta ƙone.

Na biyar, wuta. Idan inji yana aiki, mita ya kamata ta nuna volt 13.8 zuwa 14.4 a bakin amfilifaya. Wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota ta zama gajera, a kankare fenti a wurin. A sa fis kusa da batir, kuma a cire kan batir kafin a taɓa kowace waya. Daga nan a saita matatar sauti wajen 80 Hz, a kuma gwada juya akwatin ya fuskanci bayan mota.

Duk gyaran nan kuɗin silikon kawai ya ci mana. Yanzu damuwata ita ce in sa yaron ya rage ƙara idan ya shigo unguwa, don a yawancin garuruwan nan akwai dokar hana damun maƙwabta da ƙara, kuma kunnen da ƙara ta lalata ba ya dawowa.

Sai mun sake haɗuwa.